Tambayoyi da amsoshi kan "Calm Down", waƙar Rema da ta zaga duniya

Ko ba ka bin waƙoƙin kudu, da wuya a ce kiɗan nan bai taɓa shiga kunnenka ba, ko a shagon cajin waya, ko a cikin A Daidaita Sahu, ko a bidiyon da ƙanwarka ta ɗora a TikTok. Mutane da yawa sun san amshin amma ba su san mai waƙar ba, wasu kuma sun ɗauka ta mawaƙiyar Amurka Selena Gomez ce. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Wane ne Rema?

Sunansa na yanka Divine Ikubor. An haife shi ranar 1 ga Mayun 2000 a birnin Benin na jihar Edo, kuma a coci ya fara waƙa, kamar yawancin mawaƙan kudancin Najeriya. A 2018 ya ɗora wani gajeren bidiyo a Instagram yana rera baitocinsa a kan kiɗan wata waƙar D'Prince. D'Prince ya gani, ya kira shi Legas, ya ɗauke shi a kamfaninsa na Jonzing World, wanda ke aiki ƙarƙashin inuwar Mavin Records na yayansa Don Jazzy.

A 2019 sunansa ya fito sosai da waƙar "Dumebi". A shekarar ce kuma tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya sa wata waƙarsa mai suna "Iron Man" cikin jerin waƙoƙin da yake saurare, lokacin yaron yana da shekara 19. Saboda haka wanda ya ce "Calm Down" ce ta fito da Rema bai bi labarin daga tushe ba. Shekara uku ya yi yana tashe a gida kafin ta.

Yaushe aka saki waƙar, kuma a wane kundi take?

Ranar 11 ga Fabrairun 2022. Ita ce ta biyu cikin waƙoƙin da aka saki don share fage ga kundinsa na farko, Rave & Roses, wanda ya fito ranar 25 ga Maris na wannan shekara da waƙoƙi 16. Ta farkon ita ce "Soundgasm", tun a 2021.

Wani zai ce yaya mutum zai shekara uku yana tashe sannan a ce kundinsa na farko? Abin da ya yi kafin nan ƙananan tarin waƙoƙi ne, masu waƙoƙi huɗu-huɗu, waɗanda masu harkar ba sa lissafa su a matsayin cikakken kundi.

Me waƙar take cewa?

Labarin bai da tsawo. Saurayi ya je wurin casu, ya hangi wata yarinya sanye da rawayen kaya, ta fita daban a cikin 'yanmatan wurin. Yana so ya yi mata magana, ƙawayenta sun manne mata sun hana ruwa gudu, ita kuma tana ta jan aji. Sai yake lallashinta da ta kwantar da hankalinta ta saurare shi, yana kwatanta zaƙinta da lemon kwalba. Iyakarta ke nan. Rema da kansa ya ce abin da ya faru da shi ne a wani wurin taro.

Harshen kuwa gauraye ne, Turanci da buroka irin na titunan Benin da Legas. Amshin ma rabinsa ba kalmomi ba ne, gaɓoɓi ne kawai ake maimaitawa ana jan su. Za mu dawo kan wannan, domin a ganina nan asirin yake.

Wa ya haɗa kiɗan?

Mutum biyu, Andre Vibez da London. Andre Vibez ɗan gado ne: mahaifinsa shi ne marigayi Sir Victor Uwaifo, fitaccen makaɗin jita na Benin da ya yi "Joromi" a shekarun 1960, wanda ya rasu a watan Agustan 2021, wata shida kafin fitowar wannan waƙa. Wanda ya san haka, in ya ji ɗan jitar da ke buɗe "Calm Down", ba zai yi mamaki ba. London kuwa, duk da sunan da ya laƙaba wa kansa, a Kaduna ya taso, kuma hannunsa na cikin yawancin waƙoƙin kundin.

Me ya sa ta kama kunnen mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya a ciki?

Wannan tambaya ba ta da amsar da za a auna a sikeli, amma akwai abubuwan da kunne ke ji.

Kiɗan ba ya gudu, ba ya kuma jan ƙafa. Tsaka-tsaki ne, irin wanda za a iya taka rawa da shi, a kuma iya barinsa yana tashi a mota ana hira. Jitar nan 'yan zara kaɗan take kaɗawa, ta koma ta sake, daga farko har ƙarshe, ba a cika kiɗan da tarkace ba. Muryar Rema siririya ce, yana lanƙwasa ta a ƙarshen baiti. Sai kuma amshin da na ambata. Balarabe a Alƙahira, da Ba'indiye a Mumbai, da yaro ɗan shekara biyar a Zariya, kowa zai iya rera shi daga ji na biyu, domin babu wata kalmar da za ta sarƙe masa harshe. Waƙar da ma'anarta ke cikin baitoci tana buƙatar tafinta kafin ta ƙetare iyaka. Wannan da ƙafarta ta ƙetare.

Akwai wani abin dariya a nan. Lokacin da Rema ya fara fitowa, 'yan kudu da dama sun riƙa yi masa ba'a a shafukan sada zumunta wai yana waƙa kamar Ba'indiye. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, waƙoƙin finafinanmu ma suka sha daga wannan rijiya, wannan lanƙwasar murya ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Abin da aka yi masa gori a kai shi ne daga baya ya zame masa guzuri.

Yaya aka yi Selena Gomez ta shigo?

Selena Gomez mawaƙiya ce kuma 'yar fim Ba'amurkiya, haifaffiyar jihar Texas a 1992, wadda ta yi suna tun tana yarinya a shirye-shiryen Disney. Ta je kallon wasan Rema a Los Angeles a lokacin rangadinsa na 2022, suka haɗu a bayan dandamali, hotunansu suka yaɗu. A ƙarshen watan Agusta aka saki sabon zubin waƙar, wanda masu harkar ke kira rimiks, da muryarta a ciki. Bidiyon ya biyo baya a farkon Satumba.

Ba a taɓa kiɗan ba. Abin da aka yi shi ne aka ba yarinyar cikin labarin baki: a zubin farko saurayi ne kaɗai ke magana, a na biyu ita ma tana mayar masa da martani. Bidiyon ma mai sauƙi ne, su biyu ne a cikin gida da jikin wata mota, suna rausaya.

To ita ce ta ɗaga waƙar ke nan?

Nan ne gardamar take, kuma ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakin ta.

Masu cewa ba don Selena ba da waƙar ba ta je ko'ina ba, sun manta da wata shidan da ke tsakanin Fabrairu da Agusta. A wannan tsakanin zubin farko ya riga ya shiga jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Faransa da Holan da Beljiyam da Suwizalan, ƙasashen da ke da ɗimbin 'yan Afirka da Larabawa mazauna can. Rawar da ake yi da ita ta riga ta cika TikTok. Bidiyon farko, wanda Director K ya shirya, ya riga ya tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Mawaƙiya mai girman Selena ba ta shiga waƙar da ke kwance. Ta ga jirgi ya tashi ne ta nemi kujera.

Su kuma masu cewa ba ta ƙara komai ba, kishin ƙasa ne ya rufe musu ido. Amurka kasuwa ce mai ƙofa ɗaya ƙunƙuntacciya, wato gidajen rediyon da ke sa waƙoƙin yayi. Jadawalin Billboard Hot 100, wato jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe a Amurka wanda mujallar Billboard ke fitarwa, abu uku yake haɗawa: yawan sauraro a intanet, yawan sayen waƙa, da yawan sa ta a rediyo. Masu tsara shirye-shiryen waɗannan gidajen rediyo ba sa son kasada da sunan da masu sauraronsu ba su sani ba. In suka ga sunan da suka saba da shi a jikin waƙa, sai hankalinsu ya kwanta. Ga kuma mabiyanta a Instagram, waɗanda a watan Maris na 2023 suka kai miliyan 400. Hujja mafi ƙarfi ita ce kwanan wata: waƙar ba ta shiga Hot 100 ba sai a Satumban 2022, bayan fitowar sabon zubin.

Kuma ba a kan Rema aka fara wannan dabara ba. "Essence" ta Wizkid da Tems sai da Justin Bieber ya shiga ta kai lamba 9 a Amurka a 2021. "Peru" ta Fireboy DML sai da Ed Sheeran ya sa baki ta kai lamba 2 a Birtaniya. Abin na da ɗaci, domin yana nuna cewa har yanzu sai an nemo wanda zai tsaya wa mawaƙin Afirka a bakin ƙofa, kamar mai neman biza. Amma laifin na masu tsaron ƙofar ne. Ni dai in za a tambaye ni, zubin farko ya fi daɗi, na biyun ya fi nisan tafiya.

Wane matsayi ta kai a jadawalin waƙoƙi?

A Amurka ta kai lamba 3 a Hot 100, a watan Yunin 2023. A lura da tazarar: wata goma sha shida bayan fitowarta, wata tara bayan shigarta jadawalin daga can ƙasa. Yawancin manyan waƙoƙin zamanin nan a makon farko suke hayewa sama, sannan su fara gangarowa. Ita kuwa hawan tsani ta yi, mataki-mataki, har ta shafe sama da shekara guda cur a jadawalin. Da Billboard ta yi lissafin ƙarshen 2023, ita ce ta 6 a duk waƙoƙin shekarar a Amurka.

A Birtaniya ma lamba 3 ta tsaya. Ta hau lamba 1 a Kanada da Holan da Beljiyam, haka kuma a jadawalin Billboard na duniya wanda ba a lissafa Amurka a ciki. A jadawalin Amurka na Afrobeats, wato kiɗan zamani na Afirka ta Yamma, wanda aka ƙirƙiro a watan Maris na 2022, ta yi mako 58 a saman tebur.

A Satumban 2023 sabon zubin ya cika sauraro biliyan 1 a manhajar sauraron waƙoƙi ta Spotify, karo na farko da waƙar da ɗan Afirka ke jagoranta ta kai wannan adadi.

Shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai irin wannan matsayi a Amurka?

A'a, kuma ya kamata masu yaɗa hakan su rage zuzutawa. Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya hau lamba 1 a Hot 100 tun 1968 da wani kiɗan ƙaho da babu rerawa a ciki. Miriam Makeba ta kai lamba 12 da "Pata Pata" a 1967. Wizkid ya taɓa lamba 1 a 2016, Tems ma a 2022, sai dai su biyun baƙi ne a waƙoƙin wasu, shi a ta Drake, ita a ta Future. Abin da Rema ya yi sabo shi ne wannan: waƙarsa ce, da sunansa a gaba, da kiɗan da aka haɗa a Najeriya, Ba'amurkiyar ce baƙuwa.

Mene ne labarin kundin tarihi na Guinness?

A watan Nuwamban 2022 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ta ƙaddamar da jadawali na farko a hukumance na yankin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, wanda ya haɗa ƙasashe 13, daga Maroko har Iraƙi da ƙasashen Tekun Fasha. Waƙar da ta fara hawa lamba 1 a ranar buɗe shi ba ta Balarabe ba ce, ba ta Bature ba, "Calm Down" ce. Guinness ta rubuta wannan a 2023. Irin bajintar nan ce da ba mai iya karya ta, tunda na farko ɗaya ne.

An yi dace kuma lokacin ya zo daidai da gasar cin kofin duniya a Ƙatar, inda jama'a daga kowace kusurwa suka taru a yankin da waƙar ke kan ganiyarta.

Gaskiya ne an kama wasu 'yanmata a Iran saboda ita?

Ranar 8 ga Maris 2023, ranar mata ta duniya, wani bidiyo ya yaɗu na 'yanmata biyar suna rawar waƙar a gaban dogayen benaye na unguwar Ekbatan da ke Tehran, kansu babu ɗankwali. Dokar Iran ta wajabta wa mata rufe kai, ta kuma hana su rawa a bainar jama'a. Lokacin ƙasar na cikin zaman ɗar-ɗar, wata shida bayan mutuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan kula da ɗa'a da zanga-zangar da ta biyo baya. Kafofin labarai sun ruwaito cewa an tsare 'yanmatan na ɗan lokaci, daga baya kuma wani bidiyon ya fito suna sanye da mayafi suna ba da haƙuri. Rema da Selena duk sun wallafa saƙon goyon baya gare su.

Babu ko ɗigon siyasa a baitocin waƙar. Rawar da kowa ke yi a TikTok suka yi, wurin da suka yi ta ne ya mayar da ita wani abu dabam.

Indiya fa?

Tana cikin ƙasashen da waƙar ta fi karɓuwa. A watan Mayun 2023 Rema ya yi rangadi a Delhi da Mumbai da Hyderabad, a Yulin 2024 kuma yana cikin mawaƙan da aka gayyato bikin auren Anant Ambani, ɗan attajirin nan Mukesh Ambani. Masu gorin "Ba'indiye" sai suka yi tsit.

A gida Najeriya yaya aka karɓe ta?

An so ta, an yi rawarta, amma ba ita kaɗai ce a fili ba. Shekarar 2022 ta zo da cunkoso: Kizz Daniel ya saki "Buga" a watan Mayu, Burna Boy ya saki "Last Last" a watan nan dai, Asake kuwa duk bayan 'yan makonni sai ya jefo sabuwa, da kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu mai nauyi wanda ya mamaye wuraren casu. Kusa da waɗannan, "Calm Down" mai sanyi ce. Lokacin da take hawa a Amurka a tsakiyar 2023, a Legas ta riga ta zama tsohon yayi, masoyansa sun koma kan "Charm" da "Holiday". Da yawa daga 'yan Najeriya labarin lambobin ne ya dawo da hankalinsu kanta, suka shiga alfahari da waƙar da suka riga suka ajiye.

Wace lambar yabo ta ci? Me ya hana ta Grammy?

A bikin MTV na 12 ga Satumban 2023 a Newark ta jihar New Jersey, ita ce ta fara cin sabon rukunin Afrobeats. Rema ya hau dandamali tare da Selena, ya ambaci Fela Kuti da sauran magabatan da suka share hanya. Ta ci irin wannan rukuni a lambobin yabo na Billboard a shekarar. Ranar 30 ga Oktoba kuma ya rera ta a bikin Ballon d'Or a Paris, daren da Lionel Messi ya karɓi kyautarsa ta takwas.

Grammy kuwa, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka, kalanda ce ta yi mata ƙafar ungulu. An ƙirƙiro rukunin waƙar Afirka ne don bikin Fabrairun 2024, kuma sharaɗin shi ne waƙa ta fito daga 1 ga Oktoban 2022 zuwa 15 ga Satumban 2023. Duka zubi biyun sun riga wannan lokaci fitowa. Tyla ta Afirka ta Kudu ce ta ɗauki kyautar da "Water". A bikin 2023, lokacin da "Calm Down" ta cancanci shiga, babu rukunin, ita ma ba ta gama girma ba.

Sauraro biliyan ɗaya, kuɗi ke nan kamar ƙasa?

Kuɗi ne masu yawa, amma lissafin da ake yi a majalisa, a ɗauki biliyan a ninka da wani adadi a ce ga abin da ya shiga aljihun Rema, ba haka abin yake tafiya ba. Spotify ba ta da tsayayyen farashi na sauraro ɗaya. Tana tara kuɗin da ta samu a kowace ƙasa daga masu biyan kuɗin wata da masu talla, ta cire nata, ta raba sauran gwargwadon kason da kowace waƙa ta samu a sauraron ƙasar. Shi ya sa sauraro ɗaya daga Amurka ko Birtaniya ya ninka na Najeriya ko Indiya daraja sau da yawa, tunda kuɗin watan da ake biya a can ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa kamfanoni ke haƙilon shiga kasuwar Amurka.

Sannan kuɗin ba hannun mawaƙi suke fara zuwa ba. Akwai kamfanin da ya mallaki sautin, da mai rarrabawa, da waɗanda suka rubuta, da masu haɗa kiɗa, a sabon zubin kuma ga ɓangaren Selena. Inda mawaƙi ya fi ganin amfanin irin wannan waƙa shi ne farashin gayyatarsa wasa da yarjejeniyar talla. A Nuwamban 2023 Rema ya cika zauren O2 na Landan mai ɗaukar kusan mutum 20,000. A Fabrairun 2024 kuma kamfanin Universal Music Group ya sanar da sayen kaso mafi rinjaye na Mavin, kuma ba sai an faɗa wa mutum waƙar da ta fi ɗaga darajar hajar ba.

Ya sake yin irinta?

Bai ma nema ba. A Afrilun 2023 ya sake fitar da Rave & Roses da ƙarin waƙoƙi, ciki har da zubin Selena. Kowa ya zuba ido ya ga kundi na biyu cike da waƙoƙi masu sanyi da baƙin Turawa, domin abin da kasuwa ke nema ke nan. Sai ga HEIS a Yulin 2024: kiɗa mai gudu, ganguna masu ƙarfi, murya a shaƙe, kirari da bugun ƙirji, da alamomin masarautar Benin. Baƙi biyu ne kacal a ciki, Shallipopi ɗan garinsu da Odumodublvck, duk 'yan gida. Wasu da suka san shi ta "Calm Down" sun saurara sun ce wannan ba shi ba ne. Wannan kundin ne kuma ya sa sunansa ya fito a jerin 'yan takarar Grammy karo na farko, a bikin 2025.